Lambar da Dikko Ya Rubuta da Hannunsa

Ni mutum ne da ba ya son a kawo masa zancen aljanu a wurin aiki. Shekara ashirin da 'yan kai ina gyaran na'urorin waya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma a cikin matsala goma da aka ce mini "abin nan ba na lafiya ba ne", tara waya ce ta kwance, ta goman kuma ɓera ne ya ci. Sunana Sunusi. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauke ni cikin masu ganin maita a tukunyar miya. Sau ɗaya tak na buɗe na'ura na tarar ciwonta ba ya cikin abin da aka koya mini, kuma wannan sau ɗayan gida guda ya cinye. Rabin labarin na gani da idona. Sauran rabin Dikko ne ya faɗa mini da bakinsa, a ranar da faɗar ba ta da sauran amfani.

Dikko abokina ne, tare muka tashi. Ba malalaci ba ne, ba kuma wawa ba. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya iya ganin ƙeyar wani a gabansa. A shekarar dubu biyu da uku wayar salula ta fara shigowa garinmu, amma sai mai hali, shi ma sai ya hau tudu yana ɗaga hannu sama. Masu 'yan'uwa a Makka da Jidda da Yamai suna shan wahala kafin su ji muryar nasu. Dikko ya je Legas ya ga wani shago mai katon kwanon tauraron ɗan'adam a kan rufi, da wani akwatin ƙarfe a ɗaki mai sanyi wanda ke haɗa kira zuwa ko'ina a duniya. Mu masu aikin, sunan da muke ce wa akwatin shi ne saba. Ya dawo ya sayar da gonar shinkafar gadonsu da ke Zauro, ƙanensa Abdussamadu na gunaguni, mahaifiyarsu Inna Balaraba na kuka, ya sayo irin kayan, na hannu. Kayan ba su gama isowa ba ya ji wasu mutum biyu na shirin buɗe irin sana'ar a titi ɗaya da shi. Daga ranar abinci ya daina shiga masa.

Wani direban kwale-kwale ne ya ba shi labarin wani tsohon boka mai suna Tamba. Aka ce wa Dikko ya wuce Gulma, ya bar babur a bakin ruwa, ya ƙetare, ya bi cikin ciyawa har ya ga giyayya mai rassa biyu, bukkar tsohon na ƙarƙashinta. Aka ce kada ya je da safe, kada ya je da yamma, sai lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Aka kuma ce ya tafi da guntuwar wayar tarho kamu ɗaya.

Bukkar ba da ciyawa aka yi ta ba, da tsofaffin taru aka lulluɓe ta, baƙaƙe, suna ɗiga ruwa alhali rana na ƙuna. A ciki an rataye gorunan kamun kifi, bakinsu ƙasa, da busassun kawunan giwan ruwa da aka cusa wa jan ƙyalle a baki. Babu tabarma. A tsakiyar ɗakin akwai rami, faɗinsa bai wuce na faifai ba, cike da baƙin ruwa da ke hawa yana sauka a hankali. Dikko ya ce mini ya daɗe yana kallo kafin ya gane numfashi ruwan yake yi. Tamba na tsugune a bakin ramin, tsoho ne siriri mai farin ido ɗaya, tafin hannunsa duk ya tattare irin na wanda ya yini cikin ruwa.

Dikko ya yi sallama. Ba a amsa ba.

Tamba ya ce, "Bar sallamar ga waje. Mi kaka so?"

"Azziki nika so. Kuma ba ni son na jira."

"Dut wanda yaz zo nan hakanan shika cewa. Sana'ar mi?"

Dikko ya yi masa bayanin akwatin da ke ɗaukar muryar mutum ya kai ta Makka. Ruwan ramin ya tsaya cak. Tsohon ya karkata kai yana saurare, sannan ya yi murmushi.

"Ya ji daɗin wagga sana'a. Shi murya shika so, ya gaji da jinin kaji."

"Nawa za ni biya?"

"Aje kuɗɗinka, ba su da amfani nan. Ga sharaɗi. Dut sadda yaj ji yunwa, shina kira cikin akwatin naka. Wanda yaɗ ɗauka, nashi na."

Dikko ya ja baya. "Ni fa?"

"In ba kai kaɗ ɗauka ba, ba ruwanshi da kai. Amma ka ji da kyau. In kira yat tsinke ba a ɗauka ba, ko anka yanke mai hanya, shina tahowa da ƙahwa har gidanka shi zaɓa da kainai."

"To wa za shi kira?"

"Wanda kan nuna mai da hannunka."

Dikko ya yi lissafi irin na mai wayo. Ya ce, "In ban nuna kowa ba fa?"

Tamba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe ka ci banza ke nan."

Nan abokina ya ga ƙofa a buɗe. Ya ce a ransa, ai hannun nasa ne, ba zai taɓa nuna kowa ba. In ma ta kama dole, ga baƙi nan ɗaruruwa da za su riƙa shigowa shago, waɗanda bai san uwarsu ba bai san ubansu ba. Ya ce ya yarda. Tamba ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ya fito da 'yar tarwaɗa da ba ta fi yatsa ba, ya jefa ta cikin wani ɗan gora da ruwan ramin. Ya sa Dikko ya kafa baki a goran ya faɗi sunansa da na mahaifiyarsa sau uku. Ya soke masa babban yatsa da ƙayar kifi, ya ɗiga jinin a ciki, ya zura wayar tarhon, ya rufe bakin da fatar kifi da ƙaro. Ya ce a binne shi inda akwatin ke taɓa ƙasa.

To, akwatin irin wannan wuri ɗaya yake taɓa ƙasa. Kowace na'ura mai tsada ana haƙa mata rami a bayan gini, a kafa sandar tagulla, a ɗaura mata waya daga jikin na'urar, don in wuta ta yi yawa ko aradu ta faɗi ta bi ta nan ta shige ƙasa. Ramin atin muke ce masa. Ƙasarmu busasshiya ce, saboda haka sai an cika ramin da gawayi da gishiri, kuma da rani sai an riƙa ba shi ruwa. Ni Dikko ya ɗauka na haɗa masa komai. Ranar da zan cika ramin ya leƙa ya ce gishirin bai isa ba, in je kasuwa in ƙaro. Na san ya isa, amma mai kaya ya yi magana. Da na dawo na tarar ya tuɓe riga ya cika rabin ramin da kansa. Har tsiya na yi masa, na ce yau ga mai gida ya zama lebura.

Washegari muka raba layuka. Ya shigo da sabon tarho baƙi ya dangwara a kan teburinsa, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Layi na ɗaya nawa na, kada ka ba kowa." Na sa masa. Sannan na zo kan wani gurbi da kowane mai haɗa saba ya san shi. Idan na'urar ta mutu ta tashi da kanta, tana kunna jar fitila da ƙara a ɗakinta, sannan ta buga waya zuwa lambar da aka ba ta, ta faɗi saƙon gargaɗi na daƙiƙa goma, don mai ita ya sani ko ba ya kusa.

Na ce, "Dikko, wace lamba za ni sa ta riƙa kira in ta samu matsala?"

Yana tsakiyar gaisawa da masu zuwa murna. A makon nan aka ja masa layi zuwa gidansa a Badariya, shi ne na farko a unguwar, kuma ba ya gajiya da faɗin lambar. Ya fizgi takarda ya rubuta ta, ya miƙo mini ko kallona bai yi ba. Na shigar, na rufe da kalmar sirri, na ci gaba da aikina.

Arziki kuwa ya zo a guje. Layin Dikko ya fi na kowa tsabta, kana magana da na Jidda kamar yana bayan labule. Ko hadari ya haɗu, lokacin da kwanon kowa ke ɗaukewa, nasa na aiki. Tun da hantsi mutane ke cika benci har bakin titi, tsofaffi mata daga ƙauyuka da lambobin 'ya'yansu ƙulle a bakin zane. Abokan takarar nan biyu ba su yi wata huɗu ba suka kwance kwanukansu. Ya buɗe reshe a Argungu, ya ja layuka zuwa shaguna da gidajen manya, ya fanso gonar Zauro ya haɗa da ta maƙwabta ya damƙa wa Abdussamadu. Ya je Hajji, ya ɗora bene. Ni ma ya sa an ja mini layi kyauta har gida, matata Ruƙayyatu ta yi ta shi masa albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma na ɗauka iya aikina ne ya sa layin ke da kyau.

Yana da 'ya ɗaya tak, Jannatu, mai shekara goma sha ɗaya. Shi ya koya mata amsa waya. Da ta ji ƙara sai ta ruga, ta gyara murya ta ce, "Salamu alaikum, gidan Alhaji Dikko na, wa ka magana?" In ya yi baƙi a ofis har bugawa yake yi gida don su ji ta. Abin da ya cece ta a farko shi ne da rana tana makaranta.

Wata Laraba, ƙarfe ɗaya saura minti ashirin da bakwai, na'ura ta mutu. Duk kiran da ke kan layi ya tsinke. Ta yi minti bakwai tana farfaɗowa, jar fitila na walƙiya, sannan komai ya dawo daidai. Na auna wuta, na zargi batir, na canza shi. Ranar Asabar Inna Balaraba, da ke zaune a gidan Dikko, ta rasu. An ce tun Laraba take cewa kunnenta ya cika da ruwa. Tsohuwa ce, muka yi jana'iza muka ce kwana ya ƙare.

Bayan wata biyar ta sake, Laraba, daidai wannan lokacin. Wannan karon na zargi zafi. Na wanke fankokinta, na hure ƙura, na sa aka ƙara wa ɗakin esi. Ranar Asabar aka tsinci Abdussamadu kife a gonar Zauro, cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Mutumin da ke ƙetare gulbi da iyo tun yana yaro. Ranar Larabar ya biya gidan wansa cin abincin rana.

Na uku bai kai wata uku ba. Na cire memori na sa sabo, na canza akwatin da ke raba mata wuta. Ummu Hani, matar Dikko, ba ta mutu ba, amma da ta mutu wataƙila ya fi mata sauƙi. Ta riƙa karkata kai tana bubbuga kunne wai ruwan ya fita. Ta toshe kunnuwa da auduga, ta daina shan ruwa sai an danne ta, in ta ga randa sai ta kwarma ihu. Malamai suka yi ta karatu, abin sai gaba yake yi. Daga ƙarshe aka rufe ta a ɗaki, aka kawo wata tsohuwa tana jinyarta. Na tabbata Dikko ya fara zargi tun mutuwar ƙanensa, amma mai son abu ya iya ƙin tambaya. Yana ta gaya wa kansa ai bai nuna kowa ba.

Da bazara ta shigo sai na'ura ta ɓullo da sabon hali. Kullum in rana ta take tsaka, jar fitila za ta kama, ƙarar gargaɗi ta tashi kamar za ta mutu, sai kuma ta fasa. Kwana shida a jere. Abin ya ci mini rai, domin babu abin da ban canza ba sai ƙarfen jikinta. Ranar ta bakwai, Laraba, na zo tun da safe na rantse ba zan tashi ba sai na ga ƙarshenta. Na raba ta da wutar gari na ɗora ta a kan janareta. Na bi kowace waya da hannu. Na auna komai da mita, komai lafiya. Wajen sha ɗaya na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na buga dukan tarihin da na'urar ke rubuta wa kanta a takarda, na zauna ina bi layi-layi.

Ga mutuwar na'urar sau uku, duk Laraba. A ƙarƙashin kowace an rubuta: an kira lamba kaza, an ɗauka, tsawon kira minti huɗu. Na sake dubawa. Saƙon gargaɗin daƙiƙa goma ne, da ya ƙare na'ura ke katse layin da kanta. Wa zai riƙe waya minti huɗu, kuma me yake saurare? Sai na dubi ranakun da kyau. Na tuna ranar da na canza batir, na tuna makabarta bayan kwana uku. Na tuna ranar fanka, na tuna Zauro.

Abu ɗaya ya rage ban duba ba, ramin atin, kuma na tuna rabon da in ba shi ruwa tun ranar da aka cika shi. Na zaga baya. Ƙasar wurin duk ta tsage don zafi, amma bakin ramin danshi ne sharaf, yana warin gulbi. Na ɗauko shebur. Gawayin ya zama taɓo. Ban yi nisa ba na ji ƙwas. Na sa hannu na share, ga ɗan gora, an naɗe wayar da ta fito daga bakinsa a jikin sandar tagulla. Na kara kunne. Wani abu na juyi a ciki, yana bugun bangon goran.

Ban fito da shi ba. Na shiga ofis da taɓo har gwiwar hannu, na rufe ƙofa, na ajiye takardar a gaban Dikko.

Na ce, "Mi kab binne cikin ramina?"

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Na nuna masa ranakun, na nuna masa lambar gidansa sau uku. Na ce, "Kai kar rubuta ta. Ranar buɗewa, da hannunka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya kwashe labarin Tamba duka ya faɗa mini, yana yi yana kallon hannunsa na dama. Bai rufe baki ba muka ji ƙara daga ɗakin saba. Wannan karon ba ta fasa ba. Fankoki suka yi shiru, masu waya a waje suka fara "halo, halo". Na dubi agogo, ɗaya saura ashirin da bakwai.

Dikko ya ce, "Jannatu. An yi hutu, tana gida."

Tsohuwar mai jinya ba ta taɓa waya, Ummu Hani na kulle. Mutum ɗaya ne zai ruga. Muna da minti bakwai, kuma ko da babur Badariya ta fi haka.

Na zare wayar wuta, na kwance batir, na kashe janareta. Fitilun na'urar ba su ko ƙifta ba, ta ci gaba da tashi abinta. Na ɗauko filaya na ce zan yanke layin gidan, ko in fasa goran. Dikko ya riƙe mini hannu.

"A'a! In anka yanke mai hanya da ƙahwa shika zuwa, kuma gidana za shi. Canza lambar, Sunusi. Kai ɗai ka iya."

"In sa ta wa?"

Ya jawo jerin sunayen waɗanda aka ja wa layi, ya dangwala yatsa a kai ba tare da ya duba ba. "Ko wa. Wanga. Ko wanga. Ba mu san su ba."

"Ni na san su. Ni nis shiga gidajensu nij ja musu waya, sun ba ni ruwa na sha."

"Na ba ka reshen Argungu. Na ba ka benen."

"Riƙe abinka."

Saura minti huɗu. Allon ya nuna ta fara ƙirga layukanta ɗaya bayan ɗaya. Dikko ya dube ni da wani irin ido da ban san shi da shi ba. Ya fizgi biro ya rubuta lamba a bayan takardar, ya ture ni gefe, ya faɗa kan kujerar kwamfuta. Na leƙa. Lambar gidana ce. A daidai lokacin Ruƙayyatu na tsakar gida tana dama fura, wayar na kan taga kusa da ita.

Na ce, "Dikko, lambar gidana ta."

Yana ta dannawa da yatsa ɗaya, allon na tambayarsa kalmar sirri. Fiye da shekara yana da na'urar bai taɓa koyon taɓa ta ba, tunda akwai masu yi masa. Ya danna sunansa, ta ƙi. Ya danna sunan Jannatu, ta ƙi. Ya juyo yana kuka, ya durƙusa ya kama ƙafata.

"Ɗiyata ta, Sunusi. Ita ɗai tar rage man."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma tausayin yarinyar ya kama ni a lokaci guda. Saura minti biyu. Na zauna, na shigar da kalmar sirri, na je gurbin, na goge lambar gidansa. Ban sa komai ba. Na rufe.

Ya ce, "Mi kay yi?"

"Na goge. In ta iske wurin babu kome, layi na ɗaya taka kira. Kai kan nuna shi da yatsa kac ce naka na."

Fankoki suka tashi. Jar fitila ta tsaya. Ta ƙofar da ke buɗe muna hangen baƙin tarhon a kan teburinsa, sai kuwa ya ɗauki ƙara.

Ni na tsara ta, na san sau goma take bugawa ta katse. Muka shiga ofishin. Ɗaya, biyu. Dikko ya manne da bango. Uku.

Ya ce da wata 'yar murya, "Ɗauka mana, Sunusi. Ƙila kwastoma na."

Na mai da hannuwana baya. Huɗu, biyar. Ya dubi ƙofa, na ga ƙafarsa ta motsa, na san gudu yake son yi. Shida.

Na ce, "In ta tsinke, gidanka za shi. Yanzu haka Jannatu na zaune kusa ga waya tana jiran ta yi ƙara ta gyara murya, awa yadda kak koya mata."

Bakwai. Takwas. Ya matso kamar ana jan sa da igiya. A ta tara ya ɗauka.

Ya kara a kunne, idanunsa suka buɗe, bakinsa ya saki. Daga inda nake tsaye ina jin abin da ke fitowa, ƙarar ruwa mai zurfi, da wani abu a ƙarƙashinsa mai kama da muryoyi. Na ga ruwa baƙi na fita daga kan tarhon, yana bin kunnensa, yana gangarawa cikin hannun rigarsa, yana ɗiga a kan takardun tebur. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Minti huɗu cif, sannan na'urar ta mutu a ɗakinta, mutuwar da ba ta sake tashi ba. Da na koma ramin daga baya na tarar ya bushe ƙurmus, goran ya tsage, babu komai a ciki sai ƙayar kifi.

Dikko bai mutu ranar Asabar ba. Tun a ranar Larabar ya tsinke igiyar tarhon ya fita da kan a hannu, ya bi titin Argungu da ƙafa. Shago ya rufe a watan. Benen Badariya ya fara tsattsafo da ruwa ta bango ko da rani, babu wanda ya iya zama a ciki, har ya rushe da kansa. Gonar Zauro ba a sami mai nomanta ba. Dangin Ummu Hani suka tafi da ita Gulma, ta daina bubbuga kunne amma hankalin bai dawo duka ba. Shekaru da yawa masunta na ganin Dikko a bakin gulbi da tsakar rana, tsumma a jikinsa, kan tarho a kunne, yana gyaɗa kai yana cewa, "Ina ji, Inna. Ina ji." Wata damina aka daina ganinsa.

Jannatu a gidana ta girma, Ruƙayyatu ce ta aurar da ita. Yanzu tana da 'ya'ya uku. Ban taɓa faɗa mata abin da ya faru a ofishin ba, amma har yau in waya ta yi ƙara sai ta tashi ta bar ɗakin, ita ma ba ta san dalili ba.

Wasu in na ba su labarin sai su ce ai Dikko ya yi jarumta a ƙarshe. Ni ba na cewa haka. Ya ɗauka a ta tara, gaskiya ne, kuma ina roƙa masa gafara saboda wannan. Amma kafin nan ya ci uwarsa, ya ci ƙanensa, ya haukata matarsa, duk don kada ya ga wani a gabansa.

Saboda haka kai mai gaggawar arziki, kai da aka ce maka akwai wani tsoho a bayan gari mai gajerar hanya, ka ji ni da kyau. Za a ce maka ba kai za ka biya ba, wani ne. Ka tsaya ka tambayi kanka wane ne wanin. Yana da suna, a kwanonka yake ci, kuma da hannunka za ka nuna shi ranar da kake tsakiyar murna. In ka ƙare naka, kan na maƙwabci za ka koma, ko da shi ne abokin da kuka tashi tare. Takardar nan tana cikin akwatin kayan aikina har gobe. A gabanta ranakun mutuwa uku ne, a bayanta lambar gidana, da rubutun Dikko.